Yafiyar da Jafaru Ya Yi a Sandamu

Ranar Juma'a da hantsi Barista Madina ta iso Daura daga Abuja. Innarta ta faɗa wa maƙwabta hutu ta zo yi, ita kuma ba ta gyara mata ba. Gaskiyar magana shari'a ce da ita ranar Litinin a babbar kotun tarayya ta Katsina, babban shaidarta kuma a Daura yake.

Aikinta shi ne tsaya wa kamfanonin fasaha idan wani ya kwafi abin da suka ƙirƙira. Tun da ta gama makarantar lauyoyi take ofishin Barista Ɗantsoho, tana ɗaukar masa jaka, tana shirya masa komai, ranar kotu shi ya miƙe ya yi magana, ita tana zaune a bayansa. Wannan ce shari'a ta farko da ya ce ita za ta miƙe. Ya kuma faɗa mata ba ɓoye-ɓoye, in ya ga alamar tangarɗa kafin Litinin, zai karɓe ya ba wani.

Shari'ar ta Jafaru ce, wani ɗan Daura da ya haɗa manhajar waya mai suna Garke. Sai ka ɗauki hoton hancin saniya, tunda kowace da zanen hancinta daban, manhajar ta riƙe shi da sunan mai ita. In aka sace ta aka kai kasuwa, dillali na haska wayarsa zai ga ta wane ce. Abin ya karɓu, wasu mutane a Abuja suka sa hannun jari, aka yi kamfani sosai. Ana nan sai Saminu, abokin Jafaru tun firamare, wanda suka fara aikin tare, ya bar kamfanin. Ba a jima ba wani kamfani a Kano ya fito da irinta sak, Saminu na yawo yana cewa shi ya ƙirƙira. Hatta inda ta Jafaru ke maƙalewa in saniyar baƙa ce wuluk, nan ita ma take maƙalewa. Shi ya sa masu ƙara biyu ne, Jafaru a kan sunansa da aka shafe, kamfanin Garke a kan manhajar.

Tana zaune a tsakar gida tana shan furar da Inna ta dama mata, wayarta ta yi ƙara. Barista Uzoma ne, lauyan Saminu. A Daura aka haife shi, babansa na da shagon kayan gyaran mota, tare kuma suka yi makarantar lauyoyi.

"'Yar Abuja, an ce kin shigo gari ko gaisuwa babu."

"Ɗan gari, ai ba na gaisawa da abokan gaba sai bayan Litinin."

Ya yi dariya. "To ni ina da kirki. Na turo miki wani abu, ki kalla. Ban so ki fara ganinsa a gaban alƙali."

Bidiyo ne aka ɗauka da waya, hannun mai ɗauka na rawa. Ƙofar gidan su Saminu a Sandamu, tabarmi, dattawa a zaune. Ga Jafaru ya durƙusa ya riƙe hannun Saminu da hannu biyu. Muryarsa ta fito tar: zai tafi aikin Hajji, ya zo neman gafara, shi kuma duk abin da ke tsakaninsu ya yafe, duniya da lahira. Dattawa suka yi kabbara. Saminu ya sunkuyar da kai yana share ido.

Madina ta ajiye ludayi. Ta sake kallo, ta kuma sake.

Ita ta zaunar da Jafaru a Abuja ta ja masa kunne: kar ya kira Saminu, kar ya tura masa saƙo, kar ya aika kowa. Ta san da tafiyarsa Makka, don saboda tafiyar ma aka matso da ranar shaidarsa. Amma ko sau ɗaya bai faɗo mata ba cewa maniyyaci ba ya barin gari sai ya bi gida-gida neman yafiya, kuma gidan wanda suka yi faɗa ne zai fara zuwa. Ita da ta tashi a Daura tana gani ana yi.

"Lafiya kika bar furar?" in ji Inna.

"Jafaru ne ya je bankwana gidan Saminu."

"Ah, madalla. Yaron kirki. Allah ya karɓi aikinsa."

Madina ta shiga ɗaki ta kira Barista Ɗantsoho. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce Uzoma zai nemi a kori ƙarar ne gaba ɗaya, ya ce mai haƙƙi ya yafe a gaban shaidu.

"Hanya ɗaya ce," ya ce. "Ya yi takardar rantsuwa cewa al'ada ce kawai, faɗar baki ce, bai nufi komai ba. Ki samo min ita kafin gobe da yamma. In ba haka ba zan turo wanda zai iya."

"To, Yallaɓai."

Bayan an sakko daga masallaci ta tafi gidan Jafaru. Gidan cike yake. Matarsa Sadiya na tsakar gida da 'yan uwanta suna ɗura yaji da dambun nama a robobi, jakar alhazai a buɗe a gefe, wata tsohuwa na ta nanata masa sunayen jikokinta don kar ya manta su in ya je Arfa. Kowa Alhaji yake ce masa, shi kuma yana cewa a bari dai ya je ya dawo. Da ya ga Madina ya washe baki, ya sa aka shimfiɗa mata darduma a zaure.

Ta miƙa masa wayar. Ya kalla yana murmushi.

"Wa ya ɗauka? Kai, yaran nan."

"Malam Jafaru, me na ce maka a Abuja?"

"Kin ce kar in yi masa maganar shari'a. Ban yi ba, Barista, wallahi ko sunan manhaja ban kama ba. Gafara na je nema."

"Ka ce ka yafe duk abin da ke tsakaninku."

"To me zan ce? In ce na yafe rabi?"

Ta bayyana masa abin da Uzoma zai yi da bidiyon. Murmushin ya tafi a hankali. Ta faɗa masa abin da ogan nata ke so, ba ta ƙara gishiri ba, ba ta rage ba.

"Wato in rantse cewa da na ce na yafe, ban yafe ba."

"Haka takardar za ta ce."

"Sannan in ɗauki jaka in tafi ɗakin Allah." Ya girgiza kai. "Barista, ki yi haƙuri. Da zuciya ɗaya na faɗa. Tare muka yi kiwon awaki da Saminu. In jirgin nan ya tashi, wa ya san wanda zai dawo?"

Ba ta matsa masa ba. Tun a hanya ta san ba zai yi ba, kuma da ya yarda ma, ba ta jin za ta iya tsayawa gaban alƙali da takardar da ta san ƙarya ce. Daga cikin gida ana jiyo ƙarar turmi da dariyar mata. Ta ga Litinin na zame mata, ta ga kanta ta koma kujerar baya. Sai ta yi abin da ta fi iyawa, ta fara yi masa tambaya ɗaya bayan ɗaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Me Saminu ya yi maka da ya fi yi maka ciwo?"

"Cewa da ya yi shi ya ƙirƙira. A rediyo fa, Barista, babana na ji."

"Wannan ka yafe?"

"Na yafe."

"Sunanka ne, kai ke da iko da shi. To manhajar fa, ta wace ce yanzu?"

"Tawa ce mana."

"Taka kai kaɗai?"

Ya ɗan tsaya. "To, ta kamfani ce. Tun da aka yi rajista na sa hannu na mayar wa kamfani."

"Su wa ke da kamfanin?"

"Ni, da mutanen Abuja, da ma'aikatanmu da aka ba ɗan kaso."

"Kafin ka tafi Sandamu, ka tambaye su?"

Jafaru ya ɗago kai. Can ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Innalillahi. Wato kayan mutane na je na yi kyauta da shi?"

"Ban ce ba. Tambayarka nake. Lokacin da ka riƙe hannunsa, haƙƙinsu ne a ranka ko naka?"

"Nawa. Wallahi ko tuna su ban yi ba. Ni wa ya ba ni ikon yafe haƙƙin wani?"

"To abin da za ka faɗa wa alƙali ke nan. Ba ƙari, ba ragi."

Ya miƙe zumbur, wai bari ya koma Sandamu yanzu ya yi wa Saminu bayani kar ya ɗauka yaudararsa ya yi. Madina ta ɗaga hannu.

"Don Allah, Alhaji, zauna. Sandamu ta ishe ka haka nan. Zai ji daga bakinka ranar Litinin."

Da la'asar ta kira Barista Ɗantsoho. Ta faɗi abin da ta shirya. Babu takardar rantsuwa, ba kuma za a samu ba. Abin da take so shi ne su janye ƙarar Jafaru ta kansa, tunda ya yafe da gaske, su bar ta kamfani. Bidiyon kuma kar su jira Uzoma ya fito da shi, su da kansu za su fara nuna wa kotu.

"Ki jefar da rabin shari'ata, sannan ki kunna wa alƙali makamin abokin gaba da hannunki?"

"Yallaɓai, in muka ce faɗar baki ce, Uzoma zai tambaye shi a akwatin shaida ko ya yafe. Zai ce ya yafe. Na zauna da shi, na gani. Daga nan ba abin da zai faɗa a yarda."

Sai Barista Ɗantsoho ya jefo mata tambaya.

"Mutanen Abuja sun san da wannan?"

"Yanzu zan kira su, in ka amince."

"Kin san in ta ɓaci, da sunanki za ta ɓaci."

"Na sani, Yallaɓai."

"Ni dai ba haka zan yi ba," ya ce. Ya ja numfashi. "Ki kira su. Ki je ki yi."

Ranar Litinin kotun ba cika, fanka na juyawa a hankali. Da aka kira ƙarar, Madina ta miƙe. Muryarta ta fito siririya a jimlar farko, sannan ta daidaita. Ta sanar da janye ƙarar mai ƙara na farko, ta nemi izinin nuna bidiyo. Uzoma ya juyo ya kalle ta, ya ɗaga gira.

Alƙalin, wata dattijuwa mai tabarau, ta kalli bidiyon har ƙarshe. Jafaru ya shiga akwati ya faɗi abin da ya faɗa a zaure. Uzoma ya taso masa ta nan, ya taso masa ta can.

"Ka ce duk abin da ke tsakaninku. Duk. Ko ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa."

"Yanzu kuma ka zo kana warewa?"

"Abin da ke tsakanina da shi na yafe, har gobe. Na mutane ba nawa ba ne." Ya juya wajen da Saminu ke zaune. "Ka yi haƙuri, Saminu, da na sani da na faɗa maka tun a can."

Alƙali ta ce ya riƙa kallon kotu in zai yi magana. Ta yi rubutu mai tsawo, sannan ta karanta: ƙarar Jafaru ta fita kamar yadda aka nema, ta kamfani tana nan, tunda ba a nuna mata inda kamfani ya yafe komai ba. Ta ɗage zama sai alhazai sun dawo.

A waje rana ta take. Madina na cire hular lauyoyi ta hango Jafaru da Saminu tsaye a gindin wata darbejiya, suna ciniki da direba ɗaya a kan komawa Daura. Uzoma ya zo ya tsaya kusa da ita yana fifita da fayil.

"Kin ci amanar kirkina, 'yar Abuja. Da na sani da na bar ki kin gan shi a nan."

"Ba za ka iya ba, ɗan gari. Babanka zai ji labari."

"Dubi mutanenmu," ya ce yana nuna su da haɓa. "Mu kaɗai suka bari da faɗan."

"Ka dai shirya naka. Zama mai zuwa Saminu zai shiga akwati, ni kuma ina da tambayoyi a kan baƙar saniya."

Uzoma ya daina fifita. "Wace baƙar saniya?"

"Ka tambaye shi," ta ce, ta nufi inda ta ajiye mota.