Rigar da Ta Dawo Kumasi

Duk shekara da abu ɗaya Dakta Agyeiwaa take buɗe darasin cuɗanyar duniya ga 'yan ajin farko na nazarin zamantakewa: kowa ya juya wuyan rigar na kusa da shi, ya karanto ƙasar da aka ɗinka ta.

Bana ma aji ya kaure da dariya. Bangaladash, Sin, Turkiyya, ita kuma tana rubutawa a allo.

"Kun gani ko? A ɗinka a can, Bature ya sa ya gaji, a ɗauro mana a dila. Riga ba ta neman biza. Mai ɗinka ta ne zai nema a hana shi."

"Madam, ta Ntiamoah ba ta da ƙasa!" in ji wata ɗaliba daga baya. "A gwanjon ma marar gata ya zaɓo!"

Dakta Agyeiwaa ta taka ta je tana murmushi, ta kama wuyan rigar. Shuɗiya ce, ta koɗe, babu tambari. Sai ɗinki uku na jan zare a jere, na tsakiya ya fi tsawo.

Nan take ta gane ɗinkin. Haka mahaifiyarta, tela a unguwar Bantama a nan Kumasi, take yi wa kayan 'ya'yanta alama, don kada su ɓace a igiyar shanyar gidan haya. Na Agyeiwaa biyu, na ƙanenta Kwarteng uku. Da wannan rigar ya hau motar Agadas da niyyar zuwa Turai shekara tara da suka wuce, bayan gwanjo ya kashe musu shago. Tun ranar ko waya. Dangi sun yi sun yi a yi masa makoki, tsohuwa ta ce ba ta ɗaura baƙin zane sai ta ga shaida.

"Ina ka same ta?"

"Kasuwar Kejetiya, Madam. A gabana aka farke dilar. Wai daga Italiya."

Italiya! Ashe ya haye tekun. To ƙiba ya yi ya yar da ita, ko kuwa wani ne ya kwashe kayan ɗakin da mai shi ba zai dawo ba? Tsoro ya hana ta ƙarasa darasin. Ta roƙi Ntiamoah rigar, ya tuɓe ya koma da singileti ana masa tsiya.

Da la'asar ta ajiye ta a kan keken ɗinkin uwarta.

"Maame, daga Italiya ta fito. Kin ga ya isa. Wataƙila kaɗan ta yi masa."

Tsohuwa ta juya wuyan, ta shafa jan zaren. Ta sunsuna, ba ƙanshin kowa sai na dila. Ta daɗe tana bin maɓallan da yatsa.

"Ke da karatunki," ta ce. "Kwarteng ba ya yar da abin da na ɗinka."

Ta miƙe a hankali, ta buɗe akwatin da baƙin zanen yake.