Dutsen Egya Bentum

Ranar da masu jan wayar lantarki suka sare rimin da ke kan tudun bayan gari, tsohon masunci Egya Bentum ya sauka gaɓa. Ya tsaya a bakin teku, ya dubi gurbin da itacen ya bari, ya tofar da yawu, ya koma gida.

Mutanen gari inuwa suka rasa. Shi kuwa dutse ya rasa. Can cikin teku, tafiyar awa guda da inji, akwai wani dutse a ƙarƙashin ruwa inda jan kifi ke taruwa kamar ana rabon gado. Kakansa ne ya gano shi, ya nuna wa ubansa, uban ya nuna masa, ba da yatsa ba ma, da haɓa. Idan rimin nan ya hau daidai kan hasumiyar coci, farin bangon tsohon gidan Turawa kuma ya ɓuya rabi a bayan kwakwar gaɓa, to a nan ake sakin anga. Mutum tara ke aiki a jirginsa, wasu shekara ashirin, amma babu wanda zai iya kai kansa wurin. Kullum sai ya sa su sunkuya suna ɗaura abinci a ƙugiya, shi kuma yana ta kewaye da jirgin, sannan ya ce a saki.

Bayan sare rimin ya fita sau huɗu. Sau huɗu anga na sauka a kan yashi. Mutum biyu suka ɗauke kwanukansu suka koma jirgin wasu.

Sauran masu jirage ba su da irin wannan damuwa, don kowannensu na rataye da na'urar GPS mai nuna wuri a wuya. Bentum ba ya kiran abin da sunansa. Sabulu yake ce masa, saboda rawaya ne, kuma girmansa bai wuce na wanki ba. A ganinsa, wanda ke tsakiyar teku yana kallon tafin hannunsa ba masunci ba ne, fasinja ne. Ka zare masa batir biyu, ya zama ɗan tireda da ruwa ya kwaso. Haka yake faɗa a gabansu, su yi dariya, su shigo da kifi.

Cikin 'yan sabulun har da Ebo Kwansa, ɗan ƙanwarsa Araba, wanda bisa al'adar garin zai gaji jirgin in ta Allah ta kasance. Shekara biyu da suka wuce Ebo na aiki a jirgin kawun nasa. Wata rana suna kan dutsen, Bentum ya ga hannunsa ya shiga cikin riga, ya ji wani ɗan ƙara, ƙit, ya gane alamar wurin ta shige sabulu. Ya kai ƙara gaban sarkin masunta, ya kira shi ɓarawo a bainar jama'a. Ebo ya ce shi bai ɗauki komai ba, dutse na nan inda Allah ya ajiye shi. Sarki ya yanke cewa sata ce, ya ce Ebo ya goge alamar, kada kuma ƙugiyarsa ta taɓa wurin. Ebo ya danna wani abu, ya ce ya goge. Bentum bai yarda ba ko na minti ɗaya. Ɓarawo ba ya zubar da kaya.

Yanzu ga shi duk fatansa ya rataya a kan wannan ƙaryar. In yaron ya yi gaskiya, dutsen ya tafi har abada. Wannan tunani ya fi yunwa cinsa.

Matarsa Ekuwa na zaune gaban murhun banda da ba a hura ba kwana tara. Ta ce, "Maigida, girman kai za mu kyafa mu kai kasuwa? Ka je wurin ɗanka."

"Ba ɗana ba ne."

"To ka je wurin ɓarawonka."

Ranar Talata ba a fita teku, kowa na bakin gaɓa, masu ɗinkin raga na yi, masu dara na yi. Da da hali da wata rana Bentum zai zaɓa, amma sauran ranaku Ebo na kan ruwa. Ya same shi a gindin sabon jirginsa yana cin dokunu, tuwon masarar garin, da soyayyen kifi, sabulun na lilo a ƙirjinsa kamar laya.

"A'a, Kawu da kansa! Bismillah. Ko ba a cin abincin ɓarawo?"

Bentum bai zauna ba. Ya yi ƙasa da murya. "Ka goge?"

"Me fa?"

"Kai, ɗan Araba, kada ka mai da ni abokin wasanka."

Ebo ya suɗe yatsa a hankali. "In na ce na goge, ka koma gida da yunwa. In na ce ban goge ba, ka ce dama na faɗa muku. Wanne kake so, Kawu?"

"Yana nan ko ba ya nan?"

"Yana nan. Shekara biyu ban jefa ko zare a wurin ba, ka tambayi kowa. Amma shekara biyu matata na zuwa famfo ana ce mata matar ɓarawo. Ga Sarki can a rumfa. Bakin da ya ɗaura, shi zai kwance. Gobe da asuba in kai ka har kan dutsenka."

Bentum ya juya wajen ruwa. Sata sata ce, wannan bai taɓa shakka ba. Don gidanka ya ƙone, ɓarawon da ya sace akuyarka jiya ya dawo maka da ita, bai zama makiyayi ba. To amma in ya tsaya a kan gaskiyarsa, gidaje bakwai za su kwana da yunwa saboda kalma ɗaya. Ya rasa wanda ya fi rainawa, yaron da ke sayar masa da abinsa, ko tsohon da ke shirin saye.

Ya taka zuwa rumfar Sarki. Masu dara suka dakata.

"Maganar da na yi a kan Ebo Kwansa shekara biyu da suka wuce," ya ce, idonsa na kan yashi, "na janye. Ba sata ya yi ba."

Sarki ya karkato kunne. "Egya, iska ta yi yawa. Ƙara faɗa."

Ya ƙara faɗa, da ƙarfi.

"Jama'a kun ji?"

"Mun ji!"

Laraba da asuba Ebo ya shigo jirgin kawunsa, ya zauna a gaba yana kallon tafin hannunsa. Bai ɗaga kai ya dubi gaɓa ba ko sau ɗaya. "Dama kaɗan, Kawu. Miƙe. Rage wuta. Nan." Anga ta sauka, ta kama dutse. Kafin a gama warware igiyar fatsa ta biyu, ta farko ta yi nauyi. Mutanensa suka ɓarke da waƙa, har da masu dukan gefen jirgi, sai ka ce ba su ne jiya ke shirin guduwa ba.

Bentum bai yi waƙa ba. Yana can baya yana auna gaɓa da ido. Ƙarfen sabis na waya ya hau kan hasumiyar coci ta gefen hagu, da ratar yatsa ɗaya. Ya maimaita a zuci sau uku. Ya samu dutsensa, kuma daga yau ba ya bukatar sabulun kowa.

Alhamis ya fita shi da mutanensa kaɗai. Ya sa su sunkuya, ya yi kewayensa, ya daidaita ƙarfen da hasumiya. Sai ya hangi jirgin Ebo a gabansa, ya riga ya saki anga. A bayansa akwai wasu biyu, na abokan Ebo, kowanne da mai sabulu a gaba.

Ya matsa har gefen jiragen suka kusa gogar juna. "Kai! Me kake yi a nan? Sarki ya hana ka wurin nan!"

Ebo na jawo igiya, wani ƙaton jan kifi na fisge-fisge a ƙarshenta. "Sarki ya hana ɓarawo, Kawu. Kai da bakinka ka ce babu sata, sau biyu ma. Abin da ba na sata ba ai halalina ne, in ci, in ba wanda na ga dama." Ya jefa kifin cikin jirgi. "Matso ta nan, akwai wuri. Mun rage maka gefen gabas."

Mutanen Bentum suka zuba masa ido, ƙugiyoyi a hannu. Mai riƙe da anga ya ce, "Egya, a saki?"

Ya dubi jiragen uku, ya dubi gefen gabas ɗin da aka rage masa.

"Saki," ya ce.