Wa Zan Kira Maka, Baba?

Rumfar mai gyaran agogo tana can ƙarshen wani dogon baranda, inda ƙafa ba ta cika kaiwa ba. Tun da matarsa ta rasu, cin abinci ya zame masa aiki. Ran nan da azahar ya yi allurar ciwon sukarinsa kamar kullum, ya buɗe kwanonsa, ya dube shi, ya mayar da murfi.

Can wajen la'asar hannunsa ya hau rawa, har matsefata ta suɓuce masa. Gumi ya keto masa, agogunan bango suka koma bibbiyu. Ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ce ba da ita ba.

Telar da ke shagon kusa, wadda shekara biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa su, ta fito zubar da ƙyallaye ta hango shi.

"Baba, lafiya?"

Ya buɗe baki, magana ta fito a cakuɗe. Wani mai wucewa ya ce, "Ko dai tsoho ya ɗan sha wani abu?"

"Malam, kama gabanka," in ji ta. Ta durƙusa. "Baba, kana da sukari? Ka ci abinci?"

Ya gyaɗa kai, sannan ya girgiza.

"Za ka iya haɗiya?"

Da ta ga ya iya, ta ruga ta dama cokali uku na sukarin shayinta a rabin kofin ruwa, ta riƙe masa yana kurɓa a hankali.

"Haka nake yi wa innata. Da ka suma kam, ba abin da zan zuba maka a baki, sai asibiti."

Ta zauna kusa da shi, minti goma sha biyar. Rawar hannun ta lafa.

"Agogo ashirin a kanka," ta ce, "an rasa mai gaya maka lokacin cin abinci. Maza ci. Wa zan kira maka?"

Ya zaro waya yana duba sunaye. Lambar marigayiya ce a sama, bai taɓa gogewa ba. Ɗansa yana wata uwa duniya, kuma war haka yana bakin aiki.

"Bari kawai, 'yata. Allah Ya yi albarka."

Sai aka ƙwala mata kira daga shago, ta koma. Ya jawo kwanon, ya ci abincin da sanyinsa, yana jin ƙarar keken ɗinkinta ta bayan bango.