Ƙafar da Baba Ke Ja

Ƙanwata Auta tana yin zanen da ke motsi. Sai ta zana goma sha biyu kafin a samu daƙiƙa ɗaya. Ni nake kwaso mata takardun da suka lalace a shagon fotokwafin da nake aiki. Ta juya bayansu, ta ɗora kan gilashin tsohuwar taga, fitila a ƙasa. In ta gama, in ɗauki hoton kowanne da wayata, in jera su.

Makarantar da ke koyar da aikin ta nemi abu biyu kafin Juma'a in za ta ɗauki Auta: fim na daƙiƙa arba'in da sa hannun uba a kan fom. Fim muna da shi. Baba kuwa ya ce bai ga abin da za a bar gida shekara biyu a koyo a wasan 'yar tsana ba. Fom ɗin ya kwana shida a ƙarƙashin rediyonsa.

Ga kuma wata: tafiyar Baba ce Auta ta zana. Shi kafinta ne, tun da katako ya faɗo masa yake jan ƙafa, kuma a gidanmu ba a zancen ƙafar nan. Umma ta ce mu rufa wa kanmu asiri, kada mu tsokano tsuliyar dodo. Na ce sai an nuna masa. Na san aikin ya yi kyau.

Ranar Laraba da hantsi muka same shi a shagonsa yana goge ƙofa, fom ɗin a aljihuna. Na miƙa masa wayar. Ya kalla sau uku, fuska ba annuri.

"Wannan mutumin dama yake ja," in ji shi. "Ni hagu nake ja."

Laifina ne. Kyamarar bayan wayata ta mutu, da ta gaba na ɗauka, ita kuwa juya hoto take yi kamar madubi. Na faɗa masa. Ya ce shekara shida a sakandare, ashe hagu da dama ma ban kwaso ba. Auta ta ƙunshe dariya.

"Ke ma kada ki yi dariya. Kafaɗa ce ke fara tashi, sannan ƙafa ta biyo. Kin sa su tare. Ashe da sauran karatu a gabanki."

Ya ajiye wayar, ya naɗe ƙafar wando, ya ce ta buɗe ido. Ya taka daga benci zuwa bakin ƙofa, ya dawo. Sau tara ya yi, Auta na durƙushe cikin garin katako tana zane a kan gwiwa. Ban taɓa ganin tabon ba sai ranar.

Na fito da fom ɗin. Ya zaro fensir daga bayan kunne. Auta ta ce da biro ake yi.

"To ba ni biron, Malama."