Hatimi Kai Ƙasa

Saura minti ashirin lokacinsu ya ƙare a ɗakin gwajin kiɗa da suke haya a unguwar Koenji ta birnin Tokyo, Natsuho ta ajiye sandunan ganga a tsakiyar waƙa. Chizuru ta juyo da jita rataye a wuya, za ta zazzaga mata masifa yadda ta saba tun da suka kafa ƙungiyarsu ta kiɗan rok, su biyu rak, shekara goma sha ɗaya ke nan. Sai ta ga takarda shimfiɗe a kan ganga.

Takardar rajistar aure ce. Ga sunan Motoharu, saurayin Natsuho, bawan Allah salihi da ke toshe kunne da auduga in ya zo kallon wasansu. Gurbin shaidu biyu ne. Yayansa ya riga ya buga hatimi a ɗaya, ɗayan kuwa fayau.

"Kamfani ya mai da shi Kagoshima, can ƙarshen kudu," in ji Natsuho. "Ɗaya ga Afrilu zai fara. Gobe ranar sa'a ce a kalanda, goben za mu kai ofishin gunduma."

"Binsa za ki yi ke nan."

"To da? In riƙa aika masa miya ta gidan waya?"

"Ni kuma in hau dandamali da wa? Da tukunyar shinkafa?"

"Chizu, ba ni da wadda ta fi ki. Ke nake so ki buga."

Wannan ce ta fi ƙona wa Chizuru rai. Duk faɗin Tokyo an rasa wanda zai rufe ƙungiyar da hannunsa sai ita. Tsoro ya kama ta, irin na mace mai shekara talatin da huɗu da ba ta da wani abin kirki a duniya ban da wannan gwajin kiɗa nasu na kowace Lahadi.

Ta zaro hatiminta na ofis daga jaka, ta dangwala a jan tawada. A kamfanin inshorar da take aiki, in manya suka matsa wa mutum ya amince da abin da bai kwanta masa ba, ba ya musu, sai ya juya hatimin kai ƙasa ya buga. Haka ta yi, ta danna har ganga ta amsa.

Natsuho ta daɗe tana kallon jan tambarin. Ita ma ofis take aiki, ba sai an fassara mata ba.

"Ni za ki yi wa na manaja?" in ji Natsuho. "Shekara goma sha ɗaya kina tsaga maƙogwaro a gaban mutane, amma kalma uku sun gagare ki? Mako biyu takardar nan na jakata. Na zata yau za ki yaga ta."

Chizuru ta sunkuyar da kai. Ta buɗe baki da ƙyar.

"Kar ki tafi."

Fitilar saman ƙofa ta fara ƙyaftawa, alamar saura minti biyar. Natsuho ta hura tawadar a hankali har ta bushe, ta ninke takardar gida biyu.

"Na ji," ta ce. "Amma magatakarda ba ruwansa da inda kan hatimi ya kalla. Shaida biyu yake nema, kuma sun cika."