Hilkka Ta Tafi Gidan Miji

Maƙwabcina Veikko bai taɓa share dusar ƙanƙarar ƙofar gidansa ba, amma kowane hunturu sai ya saɓi shebur ya nufi bakin tafkin Saimaa, ya tara wa Hilkka tudun ƙanƙarar da za ta haƙa ta haihu a ciki. Hilkka norppa ce, irin dabbar ruwan nan tamu mai gashin baki da jiki kamar buhun gero. Tana haihuwa, amma 'ya'yan ba sa kaiwa bazara.

Aila, 'yar ƙanwarsa da ke binciken jinin dabbobi a jami'a, ta tsinci gashin norppa a kan duwatsu ta auna. Ta zo masa da sakamako, ya zuba mata kofi.

"Kawu, norppan gaɓar nan duk dangin juna ne. Auren gida ya yi musu yawa, shi ke kashe 'ya'yan."

"Mu ma a ƙauyen nan haka muke, ga mu garau."

"Garau? Kai da ke hira da dabba?"

"Ta fi ki ladabi. Ba ta katse ni."

Shawarar su Aila ita ce a kama Hilkka a kai ta arewacin tafkin, inda jinin ya bambanta. Sai dai ban da Veikko ba wanda ya san dutsen da take shan hantsi a kai, shi kuwa ya ce ya manta. Mutumin da ke tuna wanda ya ari gatarinsa tun muna samari.

Aila ba ta ja da shi ba. Ta ce, "To shi ke nan. Baɗi ma ka binne wani ɗan nata."

Da ƙanƙara ta narke ya kai su da kansa, da sharaɗin zai raka Hilkka. Na bi su. Ya zauna a jirgin ruwa kusa da akwatin da aka sa ta a ciki, yana yi mata nasiha: ta guji ragar masunta, kada ta yarda da mazan arewa, ba su da magana ɗaya.

Aka buɗe akwatin. Hilkka ta sulale cikin ruwa, ko waiwaye babu.

Veikko ya daɗe yana kallon wurin. Ya fyace hanci, ya dubi Aila.

"Haka uwarki ta yi mana ranar aurenta. Miƙo min kofin nan."