Kofin Da Mang Gauding Ya Kasa Sha

Alƙalin gasar barasa ya cusa hancinsa cikin kofi kamar wanda zobensa ya faɗa ciki. Ya kurɓa, ya juya a baki, ya lumshe ido.

"Ta farko ta cika zafi a maƙogwaro," in ji shi. "Ta biyu akwai ƙauri. Amma wannan ta ukun, jama'a, santsi gare ta, ga ƙamshin ɗanyar kwakwa. In aka haɗa ta da lemon tsami da giya mai sanyi, ba a magana."

Fili ya ɗauki tafi. Ta ukun ta Mang Gauding ce, attajirin da ya fi kowa dafa lambanog, barasar bammin kwakwa, a wannan yanki na Quezon. Ya miƙe da tumbinsa yana ɗaga wa mutane hannu.

Aling Meding tana bayan shingen gora, da jarka shuɗiya cikin jakar cefanenta. Ta tofar da yawu.

Barasa iri biyu mutumin nan ke sayarwa, kuma babu wanda bai sani ba. Akwai ta kwalba mai ɗaurin zare ruwan gwal, ta 'yan Manila. Akwai ta jarka, marar suna, wadda ake miƙa wa leburori ta ƙofar bayan sito, bayan an sirka ta da ruwan tsinka fenti don ta yi auki. Ita ɗanta Efren ya sha da abokansa ranar Kirsimeti. Uku aka binne. Efren, wanda a da ke bin gadar gora daga kan wannan bishiyar kwakwa zuwa waccan kamar biri, ya tashi babu ido.

Ta je wurin mai unguwa, ya ce a yi haƙuri. Ta je wurin ɗifio na 'yan sanda, ya kira ta Nanay, wato inna, ya ce, "Ina shaida, Nanay? Jarka ai ba ta da suna." Ita ba ta iya karatu ba, balle ta rubuta ƙara. Amma a gasar nan aka haife ta, ta san yadda ake rufe ta. Shi ya sa da safen nan ta lulluɓe kai, ta bi layin leburori, ta sayo jarka guda. Mang Gauding ko sirkin bai daina ba, la'ananne.

* * *

Ba a tashi daga gasa sai an yi tagay. Kofi ɗaya ne ke zagaya tebur, dattijuwa ke zubawa, wanda ya ci gasa ke farawa. Wanda aka miƙa wa ba ya mayarwa. In ba zai sha ba, dole nasa ya sha masa.

Magajin gari ya zauna, alƙalai suka zauna, Mang Gauding ya aje kofin azurfar da ya ci kusa da makirufo. Kafin a kira mai zubi, Aling Meding ta ture shinge ta shigo.

"Uwata ce ke zubi a nan tun ba a yanke maka cibiya ba, ranka ya daɗe," ta ce wa magajin gari. "Bana ni zan zuba."

Ya dubi masu ɗaukar hoto, ya yi murmushi. "A bar Nanay ta zuba."

Ta ciro jarkar ta dire a tebur. Can baya, inda leburori ke tsaye, surutu ya mutu. Duk sun san jarkar. Ta cika kofin fal, ta miƙa.

"Ga naka, Gauding. Daga sitonka na sayo ɗazu, ta ƙofar baya. Sha mu ji ko ita ma santsi gare ta."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Haba Meding, ƙawata. Likita ya hana ni. Hawan jini."

"Jinin bai hau ba da kake kwankwaɗa tun hantsi?" wani direba ya kwatsa daga baya.

"Yanzu ya hau, da ya ga jarka!" wani ya amsa. Dariya ta ɓarke.

"Wannan ba tawa ba ce," in ji Mang Gauding, gumi na bin wuyan rigarsa.

"In ba taka ba ce me ka sani a kanta da kake rawar leɓe? Sha, ɗan'uwana. Hannuna ya gaji, tsohuwa ce ni."

Magajin gari, wanda bai gane dawar garin ba, ya buga tebur yana nishaɗi. "Al'ada ai al'ada ce. In ba zai sha ba, wa zai karɓar masa?"

"Ni zan sha wa Tatay."

Maribel ce, autar Mang Gauding, wadda ta dawo daga karatu a Manila, ita ta zana hoton da ke jikin kwalaben. Ba ta taɓa leƙa bayan sito ba. Ta taho tana murmushi, ta kama kofin. "Kawo, Aling Meding. Ai tamu ce."

Ba wannan tsohuwar ta zo nema ba. Ta ƙanƙame kofin, ta buɗe baki za ta ce a'a, amma uban ya riga ta. Ya zabura ya make hannun 'yarsa, kofin ya tarwatse a siminti.

"Kar ki sha! Makancewa za ki yi!"

Bakinsa na kan makirufo. Har masu gasa alade a bakin titi sun ji.

Maribel ta dubi jiƙaƙƙen siket ɗinta, ta dubi ubanta. Sai ga matan mamatan nan uku sun keto taro, ɗaya da goyo, suka tsaya bayan Aling Meding. Ita kuwa ta juya ta nemo ɗifio, wanda ke tsaye da tsiren kaza a hannu.

"Kai mai neman shaida! Ka ji da kunnenka, ko kai ma in zuba maka?"

Tsiren ya faɗi ƙasa.

Kafin la'asar an garƙame sito. Mota biyu aka cika da jarkoki, Mang Gauding na zaune a tsakiyarsu da ankwa, leburori na biye suna ihu. Aling Meding ce a gaba, silifa ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu tana nuna shi da ita.

* * *

Ta tarar da Efren a bakin matakala, inda ta bar shi. Ta zauna tana haki, ta kwashe labari ta ba shi, har da muryar alƙali, har da tsiren ɗifio.

"Ya yi kuka, Nanay?"

"Kamar bunsurun da aka kai mahauta."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, karo na farko tun Kirsimeti. Ya sa ta maimaita wurin makirufo. Ta maimaita, ta ƙara gishiri. Da dariyar ta lafa, ya share hawaye, ya ɗaga kai. Rana ta sauko daidai tsakanin itatuwan kwakwa, jawur, tana dukan fuskarsa.

"Nanay," ya ce, "gari ya yi duhu ne, ko da saura?"